Wai awa nawa ne daga Kano zuwa Jidda?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikata, ina roƙon ka ɗan sam min fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan wani abu da ake ganin ƙarami ne amma yana wahalar da bayin Allah duk shekara, musamman yanzu da tallan Umara ya cika gidajen rediyo da Facebook da guruf-guruf na WhatsApp. Duk ejan ɗin da ka ji sai ya ce maka awa huɗu kacal kana Jidda, wani ya ce huɗu da rabi, wani ma don ƙarfin hali ya ce kafin ka gama gyangyaɗi an sauka. Ni ba na ce ƙarya suke yi ɗungurungum ba, amma gaskiya ce guntuwa, kuma tsoho ko tsohuwar da ba su taɓa hawa jirgi ba a kan wannan guntuwar gaskiyar suke shirya cikinsu da maganinsu da alwalarsu, daga baya a zo ana ta salati.

Bari mu fara da nisan shi kansa tunda a nan ake fara musu a majalisa. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, in aka ja zare a miƙe ba kwana ba lanƙwasa, kilomita 3,400 ne da 'yan kai. Zuwa Madina kuwa ya ɗan fi, wajen 3,550. To sai ka ga mutum uku sun zaro waya kowa ya duba, wannan ya ce shi 2,100 ya gani, wancan ya ce a'a 1,850 ne, na uku ya ce duk kun yi kuskure 3,400 ne, a yi ta ɗaga murya har shayi ya huce, alhali dukkansu abu ɗaya suke faɗa. Na farko mil aka nuna masa irin na Ingila da Amurka, wanda kowane ɗaya kilomita 1.6 ne, na biyu kuma mil ɗin matuƙa jirgin sama da na ruwa ne, shi kuma kilomita 1.852 ne. Mu dai a nan kilomita muka sani, shi ne a jikin allon hanya, to a riƙa yi mana magana da shi.

Jirgin fasinja irin manyan nan in ya gama hawa ya daidaita a sama, wajen kilomita 10 zuwa 11 daga ƙasa, yana gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa. Ka raba 3,400 da 850, ka ga awa huɗu ta fito cif, kuma daga nan ne masu talla suka samo awa huɗunsu. Sai dai jirgi ba ya tashi da wannan gudun, sai ya ja da baya daga inda aka yi lodi, ya gangara a hankali zuwa bakin titi, wani lokaci ya tsaya jiran izini daga hasumiya, ya tashi, ya ɗauki kusan minti ashirin ko fiye yana hawa, sannan tun saura kamar rabin awa ya fara rage gudu yana saukowa, in lokacin aikin Hajji ne ko goman ƙarshe na azumi Jidda ta cika da jirage daga ko'ina a duniya sai a sa shi ya yi ta shawagi yana jiran layi. Kuma sama ma tana da hanyoyinta da aka shata, matuƙi ba ya bin son ransa, akwai tashoshin da dole ya bi ta kansu yana magana da masu kula da sararin kowace ƙasa. Ga iska, in tana bayansa ta tura shi in tana gabansa ta ci masa lokaci da mai, shi ya sa tafiya da dawowa ba sa zuwa daidai ko da jirgi ɗaya ne matuƙi ɗaya. In ka haɗa duk wannan, jirgin da ya miƙe kai tsaye daga Kano yana cin awa huɗu da rabi zuwa biyar. Wannan fa in hanya a buɗe take kenan.

Kuma hanyar ba kullum take a buɗe ba, nan ne gizo yake saƙar. Duk wanda ya ɗauki taswira ya ɗora rula daga Kano zuwa Jidda zai ga layin ya bi ta saman Jigawa da Yobe, ya wuce yankin tafkin Chadi, ya ratsa ƙasar Chadi, ya shiga Sudan ta arewacin Darfur ya keta ta har bakin Bahar Maliya, sannan ya tsallaka ruwa. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na tafiyar a saman Sudan ake yin ta. To ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojan ƙasar da dakarun kar-ta-kwana na RSF, aka rufe sararin samaniyar Sudan, ana saura 'yan makonni a fara jigilar maniyyata. Masu karatu za su tuna yadda kamfanonin jiragen gida suka ƙi sa hannu a yarjejeniya da hukumar alhazai ta ƙasa, wato NAHCON, da farko, suka ce lissafin da aka yi da su na tsohuwar hanya ne, yanzu kuwa sai sun kewaya, har aka ƙare da ƙarin dala 250 a kan kowace kujera. Kewayen nan ba wasa ba ne, ko dai jirgi ya yi kudu ya zagayo ta gabashin Afirka ko ya yi arewa ta wajen Masar, kuma ko wanne ya bi tafiyar da aka sani ta awa biyar tana iya komawa shida da rabi ko bakwai. A shekarar dai, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijar ma ta rufe nata sararin na wani lokaci, jiragen da suke zuwa Najeriya daga Turai suka koma zagaye. Abin da nake so a gane shi ne nisan Kano da Jidda bai ƙaru da taku ɗaya ba tun da Allah ya halicci ƙasa, amma tsawon zaman da mutum zai yi a kujera yana canjawa da siyasa da yaƙi, don haka ejan ɗin da yake maimaita awa huɗun da ya haddace tun shekaru goma da suka wuce bai yi wa kwastomansa adalci ba. Tambaya ɗaya ce, malam jirgin nan ta ina zai bi? In bai sani ba ya je ya tambayo, ai kuɗi aka ba shi.

Sai maganar agogo, wadda ita ce ta fi rikita mutane, har da masu boko wallahi. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, kuma abin da ake rubutawa a tikiti agogon garin da abin ya faru ne, lokacin tashi da agogon inda aka tashi, lokacin sauka da agogon inda aka sauka. Misali jirgi ya bar Kano ƙarfe 2 na rana ya yi awa biyar, a agogon hannunka ƙarfe 7 na dare ya sauka amma a Jidda ƙarfe 9 ne, kuma 9 ɗin za ka gani a tikiti, sai mutum ya ƙirga daga 2 zuwa 9 ya ce kai ashe awa bakwai ce. Ranar dawowa jirgi ya bar Jidda ƙarfe 2 na rana agogonsu, wato 12 na rana a Kano, ya yi awa biyar ɗin nan dai, ya sauka ƙarfe 5 na yamma agogonmu, tikiti ya nuna 2 zuwa 5, sai ka ji an ce dawowa ta fi sauri awa uku ce kawai, har na taɓa jin wani yana bayani da iyakar gaskiyarsa cewa wai gangara ce shi ya sa. Babu wata gangara. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, tsakanin Kano da Jidda kuwa akwai digiri 30 da ɗan ɗoriya, shi ya ba da awa biyun, rana tana riga fito musu tana riga faɗuwa.

Wannan ba lissafin 'yan makaranta ba ne kawai, yana taɓa ibada kai tsaye. Mai tafiya gabas rana tana gudu ta bar shi da wuri, wanda ya tashi bayan azahar zai ga magariba ta riske shi a sama tun agogon hannunsa bai kai lokacin da ya saba jin kiran salla a unguwarsu ba, in bai lura ba la'asar ta wuce shi yana zaune yana jiran ƙarfe huɗu ta yi. Mai dawowa kuma yininsa tsawo yake yi, in da azumi a bakinsa ya ɗauka a Makka da asubarsu to zai sha ruwa ne da faɗuwar ranar inda yake, ba da agogon Makka ba, yinin ya ƙaru da wajen awa biyu kenan, kuma a can sama rana tana daɗewa ba ta ɓace ba fiye da yadda na ƙasa suke gani. Hukuncin haɗa salla da ƙasaru da ajiye azumi ga matafiyi wannan fagen malamai ne, ni ba zan shiga ba, amma malamin ma ai sai an faɗa masa ƙarfe nawa za a tashi ƙarfe nawa za a sauka sannan zai ba da amsa mai amfani. Haka maganar harami, wanda jirginsa Madina zai fara sauka hankalinsa kwance, sai ranar tafiya Makka zai ɗauka a Zulhulaifa, amma wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye dole ya san yaushe za a zo daidai miƙati, yawanci ana sanarwa a jirgi saura kaɗan a sauka, to ka ga dattijon da aka ce masa awa huɗu ne ya ɗaura zanen haraminsa tun daga gida, ga sanyin na'urar jirgi, ga tafiya ta koma awa bakwai, haba jama'a. Da an faɗa masa gaskiya ai da ya san yadda zai yi, ko ya riƙe bargo ko ya bari sai an yi nisa ya canja.

Duk wannan fa maganar jirgin da ya tafi kai tsaye nake yi. Da yawa daga masu Umara da 'yan jirgin yawo da 'yan kasuwa tikitin da ake yankar musu mai yada zango ne saboda ya fi sauƙin kuɗi ko kuma shi ne ake samu a ranar. In ta Alƙahira ne, Kano zuwa can wajen kilomita 3,100, daga can zuwa Jidda wajen 1,200, ka ga an tashi 4,300. In ta Addis Ababa ne, wajen 3,300 sannan a ƙara 1,400, an kai 4,700. In kuwa ta Doha ne to sai ka wuce Saudiyyar gaba ɗaya ka tsallake ta zuwa gabas sannan a dawo da kai baya. Ƙarin kilomitocin ma ba su ne matsalar ba, zaman jiran jirgi na biyu shi ne aiki, wani awa biyu wani shida wani sai ya kwana a kan benci, kuma a takardar talla ba za ka taɓa ganin an rubuta wannan da manyan baƙi ba, sai dai hoton Ka'aba da farashi da lambar waya. Ni ban ce taransit haramun ba ne, saurayi mai jini a jika da ya iya karanta allo ya nemo ƙofar jirginsa ya je abinsa ya rage kuɗi, Allah ya kiyaye hanya. Amma a ɗauki hajiya mai shekara saba'in da ciwon gwiwa, ba ta jin Larabci ba ta jin Turanci, a saka ta a tafiyar awa goma sha biyar a ce mata yanzu-yanzu za ki isa, wannan tsakani da Allah zalunci ne ko da ba da niyya aka yi ba, kuma 'ya'yan da suka biya kuɗin su ma da laifinsu, don ba su karɓi tikitin sun karanta ba, farashi kawai suka tambaya.

To a ce ma jirgi ya tafi kai tsaye, hanya a buɗe, iska ta yi daɗi. Tafiyar mutum ba daga titin jirgi take farawa ba, daga ƙofar gidansa take farawa. Mu Kanawa Allah ya yi mana gata filin jirginmu a cikin gari yake, wanda yake Fagge ko Sabon Gari ko Kurna ko Birget 'yan mintoci ne, ƙarar jirgin ma a kansu take wucewa, amma na Rijiyar Zaki ko Mariri ko Panshekara sai ya yi lissafin cunkoso, balle wanda zai taso daga Rano ko Gwarzo ko Tudun Wada, ko maƙwabta na Jigawa da suke zuwa nan su hau. Jirgin ƙasar waje ana so ka iso awa uku kafin tashi, ga awon kaya, ga layin 'yan shige da fice, ga bincike, wannan a tafiyar yau da kullum kenan, na aikin Hajji kuwa kowa ya san yadda ake kiran maniyyata sansanin alhazai a yini a kwana ana jiran a ce jirgi ya iso. In aka sauka Jidda kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne, akwai layin duba fasfo da ɗaukar hoton yatsu, akwai jiran jaka, akwai jiran mota ta cika, sannan tsakanin filin jirgin da Harami akwai tafiyar da ta kusa kilomita ɗari. Wanda zai wuce Madina ta mota yana da sama da kilomita 400 a gabansa, awa biyar ko fiye a bas. Akwai jirgin ƙasan Haramain mai gudun kilomita 300 a awa da aka buɗe a 2018, yana da tasha a filin jirgin Jidda, yana rage wahala sosai, amma ba kowane ejan ne yake sa shi a cikin kuɗin ba kuma ba ya ɗaukar irin tulin kayanmu. In ka tattara tun daga sallama da iyali har ka ajiye jaka a masauki a Makka, tafiyar da aka ce maka awa huɗu ce da wuya ta gaza awa goma sha biyu, kuma wannan ranar sa'a ce.

Abin da ya sa na dage a kan wannan, mai ciwon suga da yake allura ko shan ƙwaya a kan lokaci yana bukatar ya san tsawon tafiyar na gaskiya, mai hawan jini haka, mai fitsari akai-akai haka, mai goyo haka. Sau da yawa za ka ga an zuba maganin tsoho a babbar jaka an auna an tura ta cikin jirgi saboda an ce ai tafiyar ba nisa, sai lokacin shan magani ya yi jaka tana ƙarƙashin jirgi ko tana can wani gari ba ta iso ba. Magani a ƙaramar jakar hannu ake sa shi, da ɗan abin taɓawa irin su dabino ko biskit, da rigar sanyi, kuma zaman awa biyar zuwa bakwai ba motsi yana kumbura ƙafa, likitoci suna cewa a riƙa tashi ana ɗan takawa ana shan ruwa, amma mutanenmu sai su ƙi shan ruwan don gudun shiga banɗakin jirgi, su sauka a galabaice ga ɗawafi da sa'ayi suna jiransu. Wannan duk bita ce ta minti goma da ya kamata a yi wa kowa kafin a miƙa masa fasfonsa.

'Yan tarya ma suna shan tasu. Za ka ga an cika motoci da yara da mata an tafi filin jirgi tun hantsi saboda alhaji ya bugo ya ce ƙarfe 2 za su taso, ba a tambaye shi 2 ɗin wa ba, tasu ko tamu, ba a kuma tambaya ko sun shiga jirgin ko har yanzu suna zaune a rumfar alhazai ta Jidda ba. Yanzu kuwa abin ya zo da sauƙi, duk yaron da yake da data zai iya sa lambar jirgin a manhaja irin su Flightradar24 ya ga ko ya tashi, ya ga ma a saman wace ƙasa yake, in ya shigo Najeriya sannan a tada mota, tunda ko ya sauka sai an ɗauki lokaci kafin a fito da kaya da jarkar zamzam.

Sannan ga namu na gida, hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu in buji ya taso daga sahara ya rufe gari, wani lokaci matuƙi ba ya iya hango titi, sai a riƙe jirgi a inda yake ko a karkatar da shi Abuja ko wani wuri ya jira gari ya washe. A nan kam ina bayan matuƙi ɗari bisa ɗari, gara a kwana a hanya, masu shekaru a garin nan ba su manta da Janairun 1973 ba lokacin da jirgin alhazai da ya taso daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano mutum 176 suka rasu, Allah ya ji ƙansu. Jinkirin da yanayi ya jawo ba abin faɗa ba ne. Abin faɗa shi ne a bar mutane zaune ba bayani, kowa ka tambaya ya ce yanzu za a kira ku.

Wani zai ce kai malam ka cika ƙorafi, kakanninmu da ƙafa suka je. Gaskiya ne, kuma abin sha'awa kusan hanyar da jirgi yake bi a sama ita suka bi a ƙasa, Borno, Chadi, Abeche, Fashir, El Obeid, har bakin ruwa a Sawakin ko Port Sudan su hau jirgin ruwa su tsallaka Jidda, wasu shekara da shekaru suna tafe suna tsayawa noma da ƙodago su tara guzuri, wasu ma ba su dawo ba, zuriyarsu ce Hausawan Sudan na yau, har da mutanen garin Mai Wurno da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Jirage uku na sojan saman Ingila da suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925 su ma daga Masar suka taso suka biyo ta Sudan da Chadi suna yada zango kusan mako guda, daga 1936 kuma aka fara jigilar fasinja da wasiƙu tsakanin Khartum da Kano. Alhamdu lillahi da wannan sauƙi da muka samu. Amma mutanen da ɗin nan sun san abin da ke gabansu, madugu ba ya ce musu gobe za a isa, suna yin sallama da wasiyya su yi guzuri daidai tafiyar. Mu kuwa an rage mana tafiyar an kuma rage mana bayanin.

Ko a tafiyar cikin gida haka abin yake, a taƙaice. Kano zuwa Abuja a sama kilomita 360 ne da ɗan wani abu, jirgi bai cika cin awa ɗaya ba, amma ka je da wuri, ka jira, in an yi dile ka ƙara jira, ka sauka ka kama hanyar kusan kilomita 40 zuwa cikin gari, sai ka ga wanda ya tashi a mota daga Unguwa Uku da asuba bai fi ka daɗewa da wani abin kirki ba, in ban da maganar tsaro da lalacewar hanya da suke sa mutane hawa jirgin dole. Legas ce jirgi yake nuna bajintarsa, kilomita 830 a awa ɗaya da rabi maimakon kwana a hanya, duk da ɗan kasuwar Kwari da zai shiga kasuwar Balogun ko Idumota ya san cunkoson da ke tsakanin Ikeja da tsibiri yana iya cinye masa fiye da abin da ya yi a sama.

Roƙona ranka ya daɗe, hukumar jin daɗin alhazai ta jiha da NAHCON da ƙungiyar masu shirya tafiye-tafiyen Hajji da Umara su wajabta wa kowane ejan ya ba matafiyi 'yar takarda da Hausa, boko da ajami in ya yiwu tunda dattawanmu da yawa ajamin suka fi ganewa, a rubuta jirgin kai tsaye ne ko zai tsaya, in zai tsaya a wane gari kuma awa nawa, ƙarfe nawa zai tashi ƙarfe nawa zai sauka da agogon Kano da na Makka duka biyun, Jidda za a sauka ko Madina, da wace mota za a ƙarasa. Bai fi rabin shafi ba, kuɗin fotokwafi ne kawai. Ku ma 'yan jarida in lokacin jigila ya matso ku aika wakilinku ya tambayi kamfanonin da aka ba aikin bana ta wace hanya za su bi, Sudan ta buɗu musu ko har yanzu zagaye ne, awa nawa suka lissafa, ku buga mana a shafin farko tun kafin a fara kiran mutane sansani, masu gabatar da shirye-shiryen bita a rediyo su ma su ɗauka su karanta wa na ƙauye.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, ya kai maniyyatanmu lafiya ya dawo da su lafiya.

Wassalam,
Mai karatunku a kullum,
daga Kurnar Asabe, Kano